Zargin ƙin addini da aka yi wa jam'iyyar NEPU

Zargin ƙin addini da aka yi wa jam'iyyar NEPU tuhuma ce ta siyasa da ta yaɗu a Jihar Arewa ta Najeriya tsakanin 1950 da 1966, inda magoya bayan jam'iyyar NPC mai mulki, tare da wasu masu sarauta da malaman fada, suka riƙa cewa NEPU da mabiyanta suna gaba da Musulunci, ko kuma sun ware daga jama'ar Musulmi. NEPU, wadda ake kira Jam'iyyar Neman Sawaba, ita ce babbar jam'iyyar adawa ta masu neman sauyi a ƙasar Hausa a wancan zamani. Galibin shugabanninta da mabiyanta Musulmi ne, wasunsu ma malamai ne da ke da ɗalibai. Jam'iyyar ta musanta zargin tun daga farko. Ta ce abin da take yaƙa shi ne zaluncin hukumar En'e, ta kuma kafa hujja da littattafan shugabannin jihadin ƙarni na 19, musamman Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi na Gwandu.

Zargin ya yi tasiri a zaɓe, ya kuma shiga har cikin gidaje da masallatai da kotuna. Ya kama jiki har a lardin Sakkwato, wanda a lokacin ya haɗa da masarautar Gwandu, wato ƙasar da garuruwan Gwandu da Kalgo da Jega da Birnin Kebbi suke ciki, kuma yau take cikin jihar Kebbi.

Yadda mulki da addini suka haɗu

Ba a iya fahimtar zargin sai an duba yadda ake tafiyar da masarautun Arewa a ƙarƙashin Turawan Ingila. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Turawa sun bar tsarin sarauta a wurinsa, suka mayar da sarakuna shugabannin hukumar gargajiya, wadda jama'a suka fi sani da En'e. Sarki ne ke da hakimai da dagatai masu karɓar haraji da jangali. Yana da 'yan doka da gidan yari. Alƙalai ma'aikatan En'e ne, kuma manyan sarakuna suna da kotunsu ta kansu. Naɗin limamin Juma'a da sanar da ganin wata da jagorancin sallar idi duk suna bi ta fada.

Saboda haka mutum ɗaya ne ke riƙe da haraji da shari'a da masallaci, kuma halascin sarautarsa ya samo asali daga tutar da kakansa ya karɓo a hannun Shehu. Duk wanda ya tashi a kasuwa ya soki yadda hakimi ke karɓar haraji, abu ne mai sauƙi a ce ya soki gidan jihadi, daga nan kuma a ce ya soki addinin da jihadin ya tsayar. A kan wannan gada zargin ya bi.

Kafuwar jam'iyyun biyu

An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Cikin matasan da suka kafa ta akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin da Maitama Sule, wanda daga baya ya koma NPC. Malam Aminu Kano ba ya cikin waɗanda suka zauna a ranar, domin yana aikin gwamnati a makarantar horon malamai ta Maru, a lardin Sakkwato. Ya ajiye aiki a ƙarshen shekarar, ya kuma zama shugaban jam'iyyar a 1953. Takardar manufofinta ta farko, wadda aka fi sani da Sanarwar Sawaba, ta bayyana al'ummar Arewa a matsayin gida biyu masu saɓanin bukata: masu riƙe da En'e a gefe guda, talakawa a ɗaya gefen.

NPC, wato Jam'iyyar Mutanen Arewa, ta faro ne a matsayin ƙungiyar 'yan boko, ta zama jam'iyyar siyasa a watan Oktoba na 1951. Mafi yawan manyanta ma'aikatan En'e ne ko 'ya'yan sarauta. Shugabanta Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, jinin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne. Alamar NPC fartanya, kirarinta “Salama”. Alamar NEPU tauraro, kirarinta “Sawaba”.

A zaɓen 1951 NEPU ta yi nasara a matakin farko a birnin Kano, amma da yake zaɓen hawa-hawa ne, kuma En'e na da damar saka nata mutane a matakin ƙarshe, ko ɗan takararta ɗaya bai kai Majalisar Wakilai ta Kaduna ba. Nasarar farkon ce ta nuna wa fada cewa jam'iyyar ba wasan yara ba ce.

Abubuwan da aka gina zargin a kansu

Na farko kuma mafi girma shi ne biyayya. Malaman da ke goyon bayan NPC sun dogara da aya ta 59 a Suratun Nisa'i, wadda ta yi umarni da bin Allah da Manzo da majiɓinta al'amari, da kuma hadisan da ke gargaɗi game da rabuwa da jama'a. A fassararsu, sarki shi ne majiɓincin al'amari, jam'iyyar da sarakuna ke tare da ita ita ce jama'a, mai adawa kuwa mai tayar da fitina ne. 'Yan NEPU sun ƙara wa wannan wuta itace da ƙin faɗuwa gaisuwa da ƙin cire takalmi idan mai sarauta zai wuce, abin da dattawa da yawa suka ɗauka rashin tarbiyya ne tun kafin a kai ga maganar addini.

Na biyu shi ne ƙawance da mutanen kudu. NEPU ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Nnamdi Azikiwe, ta kuma goyi bayan a ba Najeriya mulkin kai da wuri. Bayan ƙudurin da Anthony Enahoro ya gabatar a Legas a watan Maris na 1953 na neman mulkin kai a 1956, da tarzomar Kano ta watan Mayun shekarar, 'yan NPC suka riƙa nuna NEPU a matsayin ƙofar da waɗanda ba Musulmi ba za su bi su mallaki Arewa. A wannan shekarar ce aka kafa ƙungiyar 'yan daba da ake kira 'Yan Mahaukata a Kano, wadda ta riƙa far wa 'yan NEPU da tarwatsa taronsu. Wannan hujja ta ƙawance ita ce mafi rauni a cikin duka, domin bayan zaɓen 1959 NPC da kanta ta kafa gwamnatin tarayya tare da NCNC ɗin, Abubakar Tafawa Ɓalewa yana Firayim Minista, Azikiwe kuma ya zama Gwamna Janar a 1960.

Na uku shi ne mata. NEPU ta nemi a ba matan Arewa damar jefa ƙuri'a da ilimin boko, ta kuma kafa reshen mata wanda Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta jagoranta. An kama ta a Kano a 1953 saboda taron mata da ta yi, an kuma ɗaure ta sau da yawa bayan nan. NPC ta ce fitar da matan kulle zuwa rumfar zaɓe ya saɓa wa addini da al'ada. A zaɓen tarayya na 1959 matan kudu sun yi zaɓe, na Arewa ba su yi ba, kuma ba su samu damar ba sai a 1976.

Na huɗu shi ne kotunan alƙali. Lauya ba ya shiga kotun alƙali, kuma izinin yin lacca a hannun En'e yake, don haka 'yan NEPU suka sha ɗauri da bulala a kan laifuka irin su taro ba izini ko zagin sarki. Jam'iyyar ta nemi a raba kotuna da ikon sarakuna. Abokan hamayya suka juya maganar, suka ce shari'ar Musulunci take so a rushe. Abin lura a nan shi ne, gwamnatin NPC ce da kanta ta gayyato kwamitin masana shari'a a 1958, ƙarƙashin Babban Jojin Sudan Muhammad Abu Rannat, kuma shawararsa ce ta haifar da kundin hukunta laifuka da ya fara aiki a 1960, wanda ya maye gurbin fiƙihun Malikiyya a shari'ar laifuka.

Kalmomin da aka yi amfani da su

Mafi yawan zargin ba a rubuce yake cikin takardun jam'iyya ba. Taken NPC a hukumance ma cewa yake Arewa ɗaya ce, al'umma ɗaya, ba tare da bambancin addini ko matsayi ko ƙabila ba. A bakin masu lacca da maroƙa da mawaƙa zargin ya rayu, da kuma rubutattun waƙoƙin siyasa da ake bugawa a sayar a kasuwa, wasu da ajami wasu da boko.

Kalmomin hawa-hawa suke. Akwai na ɗabi'a, kamar “ɗan iska” da “fitsararre” da “marar kunya”. Akwai na asali, kamar “shege” da “marar asali”. Sai na addini: “fasiƙi”, “munafuki”, har zuwa “kafiri”. Mai magana kan fara daga na farko ya gangara zuwa na ƙarshe ba tare da ya tsaya ya kafa hujja ba, domin a kunnen mai sauraro na lokacin, wanda bai girmama na gaba da shi ba ya riga ya kama hanyar barin addini. Kasancewar NEPU ta fi ƙarfi a tsakanin teloli da mahauta da ƙananan 'yan kasuwa da mazauna bariki ya sa lakabin “ɗan iska” ya yi saurin mannewa, ko da yake jam'iyyun biyu duk sun nemi goyon bayan magajiyoyi da matan bariki wajen cika taro.

Mawaƙan NEPU ba su zauna shiru ba. Su Gambo Hawaja na Jos da Mudi Sipikin sun mayar da martani da harshe mai kaifi, suna kiran abokan hamayyarsu azzalumai, maciya haram, barorin Nasara. Wato jifa da rashin addini ta tafi ta ɓangarorin biyu. Bambancin shi ne ɓangare ɗaya na da 'yan doka da alƙali da gidan yari. Haruna Abdullahi Birniwa ya yi nazarin waɗannan waƙoƙi na ɓangarorin biyu a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Sakkwato a 1987.

Martanin NEPU da littattafan jihadi

NEPU ba ta kare kanta da cewa a raba addini da siyasa ba. Ta shiga cikin addinin ne ta yi jayayya daga can. Aminu Kano ɗan gidan malamai ne na Genawa, mahaifinsa Malam Yusufu ya yi aikin muhuti a kotun alƙalin Kano, kuma shi kansa ya shahara da tafsiri a watan azumi. Sa'adu Zungur na Bauchi, wanda ya rasu a 1958, malami ne mai zurfi a Larabci da fiƙihu. Malam Lawan Ɗambazau shi ne mai ba jam'iyyar shawara kan shari'ar Musulunci. Jam'iyyar tana da reshen malamai mai suna Zaharal Haƙƙu, kuma Aminu Kano na cikin waɗanda suka fara kafa makarantun Islamiyya na zamani a Kano, masu aji da allo da darasin Larabci, waɗanda su ma suka sha tsangwama.

Makaminsu mafi kaifi shi ne Kitabul Farƙi na Shehu Usmanu. A littafin Shehu ya jera halayen mulkin sarakunan Haɓe da ya ce sun saɓa wa Musulunci: gadon sarauta da ƙarfi ba tare da shawara ba, ɗora wa mutane kuɗin da shari'a ba ta ɗora ba, cin hanci a wurin shari'a, ƙwace dukiyar talaka, da zuba ƙasa a ka wajen gaida sarki. Littafin da Larabci yake, amma sunayen harajin da Hausa Shehu ya kawo su, irin su jangali da kuɗin gari da gaisuwa, don haka manomin 1955 da aka karanta masa bai bukaci dogon sharhi ba. Yana biyan jangali, yana kai gaisuwa. Tambayar da masu laccar NEPU ke yi ita ce, idan Shehu ya yi yaƙi a kan waɗannan abubuwa, wa ya fi kusa da Shehu, mai karɓa ko mai ƙin bayarwa?

Sai kuma Abdullahi ɗan Fodiyo. An haife shi wajen 1766, shi ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kebbi a 1805, kuma da aka raba kula da daula a 1812 shi aka ba yamma, wadda ta zama ƙasar Gwandu. Amma tun ana tsakiyar jihadi, wajen 1807, ransa ya ɓaci da yadda ya ga wasu daga cikin jama'a sun karkata ga neman mulki da dukiya da ƙwaraƙwarai, har ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar tafiya ƙasa mai tsarki. A Kano mutane suka tsayar da shi. Ya zauna ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki bisa shari'a, sannan ya koma. Shi da kansa ya ba da labarin wannan ɓacin rai a Tazyinul Waraƙati. A rubuce-rubucensa na siyasa ya nace a kan shawara wajen zaɓen shugaba, ya kuma yi gargaɗi kada shugabancin Musulmi ya rikiɗe ya zama sarautar gado.

Ga 'yan NEPU, wannan ya nuna cewa sukar masu mulki daga cikin gida ba baƙon abu ba ne a tarihin daular, kuma wanda ya fara ta ƙanen Shehu ne. A kan mata ma sun sami abin riƙewa: Shehu ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a Nurul Albabi, kuma 'yarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'yan taru na karantar da matan karkara. A 1956 Isa Wali ya buga jerin maƙalu a jaridar Nigerian Citizen kan matsayin mata a Musulunci, da hujjoji daga Alƙur'ani da hadisi, suka jawo muhawara mai zafi.

Ya kamata a ce malaman ɗaya ɓangaren ma ba su rasa abin faɗa ba. Littattafan jihadin nan dai sun yi magana mai ƙarfi a kan wajabcin mubaya'a da haramcin tawaye ga shugaba Musulmi, kuma da yawa daga masu wannan ra'ayi sun yi imani da gaske cewa rushe sarauta a daidai lokacin da Turawa ke shirin tafiya zai bar Arewa, wadda ke baya ƙwarai a ilimin boko, ba ta da abin dogara.

A lardin Sakkwato da ƙasar Gwandu

Abdullahi ya rasu a 1829, kabarinsa na garin Gwandu, kuma har yau ana ziyartarsa. Sai dai a ƙasar da zuriyarsa ke sarauta, jam'iyyar da ta fi kowa ambaton sunansa ba ta yi ƙarfi ba. Hedikwatar masarautar tana Birnin Kebbi tun farkon zamanin Turawa, kuma Sarkin Gwandu shi ne na uku a jerin sarakunan Arewa bayan Sarkin Musulmi da Shehun Borno. Sarki Yahaya ya yi mulki daga 1938 zuwa 1954. Kafin nan shi ne Sarkin Gobir na Kalgo, wato hakimin Kalgo, kuma ya yi suna a matsayin mai son ilimi da gyaran mulki. Wanda ya gaje shi, Haruna Rashid, ya yi sarauta daga 1954 zuwa 1995, ya kuma shugabanci Majalisar Sarakuna ta Arewa a Kaduna. A gundumomi irin su Kalgo da Gwandu, inda hakimi ɗan gidan sarauta ne, jama'a manoma da makiyaya da masunta ne, ba jirgin ƙasa, ba babbar bariki, da wuya mutum ya ɗaga tutar tauraro a ƙofar gidansa ya kwana lafiya da dagaci. NPC ce ta mamaye kujerun yankin har zuwa 1966.

Inda NEPU ta sami gindin zama a lardin shi ne gabas, a garuruwan ciniki na kan layin dogo kamar Gusau da Ƙauran Namoda. A nan zargin ya ɗauki wani launi dabam, na ɗariƙa. Gidan Shehu 'yan Ƙadiriyya ne. Tijjaniyya kuwa, musamman reshen Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha, ta yaɗu a tsakanin 'yan kasuwa da matasa bayan yaƙin duniya na biyu, da wazifarsu ta jam'i da sallarsu da ƙabalu maimakon sadalu. A 1949 hukumar Sakkwato ta sa aka rushe wasu masallatan 'yan Tijjaniyya. A 1956, shekarar zaɓen Jihar Arewa, aka yi arangama a gabashin lardin har da asarar rayuka, kuma a 1965 aka sake yin wata a yammacinsa, ƙasar da ke cikin jihar Kebbi a yau, inda aka kashe 'yan doka. Da yake 'yan wazifa da 'yan NEPU hukuma ɗaya ke matsa musu, sau da yawa mutum ɗaya ne ke ɗauke da sunayen biyu, kuma a idon fada ƙin bin limamin gari da ƙin bin hakimi laifi ɗaya ne.

Tijjaniyya ba sabuwa ba ce a Gwandu. Alhaji Umarul Futi ya zauna a daular a shekarun 1830, kuma Modibbo Raji, almajirin Abdullahi, ya karɓi ɗariƙar, daga baya ya bar Gwandu ya koma Adamawa. Haka kuma ba daidai ba ne a ce Tijjaniyya ita ce NEPU. A Kano Sarki Muhammadu Sanusi babban jigo ne a Tijjaniyya, kuma babban jigo a NPC, a zamaninsa ne ma 'yan NEPU suka fi shan wuya a birnin. Bayan da gwamnatin Sardauna ta sa ya yi murabus a 1963, sai magoya bayansa suka kafa jam'iyyar KPP, wadda ta haɗa kai da NEPU.

Wani abin da ya faru a Maru wajen 1949 ya nuna yadda layukan suka cuɗe tun kafin a kafa jam'iyyun. Wani matashin malamin Larabci a makarantar, Abubakar Gumi, ya ƙi amincewa da limamin garin saboda yana taimama maimakon alwala alhali ga ruwa, ya hana ɗalibansa binsa sallar Juma'a. Maganar ta kai gaban Sarkin Musulmi Abubakar na III. Abokin aikin da ya tsaya wa Gumi shi ne Aminu Kano. Shekaru goma sha uku bayan haka Gumi ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa kuma na hannun daman Sardauna a harkar addini, Aminu Kano kuwa yana jagorantar jam'iyyar da ake kira ta marasa addini.

Tasiri da ra'ayin masana

A zaɓen tarayya na 1959 NPC ta ci kujeru 134 cikin 312, NEPU ta ci 8, ciki har da ta Aminu Kano a Kano ta Gabas. Ba za a iya ware kason da zargin addini ya ci daga wannan sakamako ba, domin tare yake tafiya da tsoron hakimi da hana izinin taro da ɗaure 'yan takara. Tsofaffin 'yan jam'iyyar sun sha ba da labarin iyayen da suka yi fushi da 'ya'yansu da auren da ya lalace saboda katin NEPU.

Masana irin su Richard Sklar da C. S. Whitaker da John Paden sun nuna cewa jam'iyyun biyu duk da harshen Musulunci suka nemi halasci. Jonathan Reynolds, a littafinsa na 1999 mai ɗauke da sunan Zamanin Siyasa, ya bi wannan jayayya daki-daki, yana kallonta a matsayin takara kan wanda ya cancanci gadon jihadi. A shekarun ƙarshe na mulkinsa Sardauna ya ƙara jingina da addini: an kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna a 1962, ya kuma yi rangadin musuluntar da jama'a daga 1963 zuwa 1965. A daidai lokacin NEPU ta shiga ƙawance da UMBC ta Joseph Tarka, sannan ta shiga babbar haɗakar UPGA a zaɓen 1964, abin da ya ba masu zargin sabon abin nunawa.

Bayan 1966

Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966 ya kawo ƙarshen gwamnatin NPC, kuma a watan Mayu aka haramta jam'iyyu duka. Cikin shekaru kaɗan gwamnatin soja ta aiwatar da abin da NEPU ta daɗe tana nema: aka soke kotunan sarakuna, aka karɓe kotunan alƙali da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Ba a ji an ce sojojin sun fita daga addini ba.

A muhawarar shari'a ta Majalisar Tsara Tsarin Mulki a 1977 zuwa 1978, Aminu Kano yana ɓangaren masu neman a kafa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci ta tarayya. Jam'iyyarsa ta PRP ta ci gwamnan Kano da na Kaduna a 1979, gwamnonin biyu, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali. A wannan karon lakabin da aka fi jifan 'yan jam'iyyar da shi shi ne gurguzu da kwaminisanci, musamman ɓangaren 'yan santsi. A jihar Sakkwato ta lokacin, wadda ta haɗa da Gwandu da Kalgo, NPN ce ta ci, GNPP ce babbar mai adawa, PRP ba ta taka rawar kirki ba. Aminu Kano ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. Kwalejin koyon shari'a da addinin Musulunci ta jihar Kano tana ɗauke da sunansa.

Makamantansa a wasu ƙasashe

Zargin jam'iyyar masu neman sauyi da ƙin wani addini ba a Arewa kaɗai aka san shi ba. A Indiya an daɗe ana zargin jam'iyyar DMK ta jihar Tamil Nadu da ƙin addinin Hindu. An kafa ta a 1949, ta fito daga ƙungiyar Periyar, wanda ya yaƙi tsarin fifikon asali da ya ɗora Brahmin a kan sauran jama'a. A watan Satumba na 2023 ministan jihar Udhayanidhi Stalin ya ce a kawar da Sanatana Dharma kamar yadda ake kawar da zazzaɓin sauro. Jam'iyyar BJP ta ce ya ci mutuncin mabiya Hindu, shi kuma ya ce tsarin wariyar asali yake nufi, maganar ta kai kotu. Kamar NEPU, DMK na cewa tsarin fifiko take suka. Inda suka rabu shi ne Periyar ya fito fili ya ce bai yarda da samuwar Ubangiji ba, alhali shugabannin NEPU da tafsiri da fiƙihu suke kare kansu.

A Birtaniya kuma, bayan da Indiya ta soke matsayin musamman na Kashmir a watan Agusta na 2019, babban taron jam'iyyar Leba ya zartar da ƙuduri a watan Satumba yana sukar halin da yankin ke ciki. Wasu ƙungiyoyin mabiya Hindu da magoya bayan BJP a Birtaniya suka zargi jam'iyyar da ƙin Hindu da ƙin Indiya, suka yi kira a juya mata baya a zaɓen Disamba. Kafin zaɓen, shugaban jam'iyyar na gudanarwa, Ian Lavery, ya rubuta wasiƙa yana amincewa cewa lafazin ƙudurin ya ɓata wa mutane rai, yana kuma cewa batun Kashmir tsakanin Indiya da Pakistan yake.